Fastocin Ƙanena a Ƙarƙashin Dekin

Katako nake sayarwa a Dei-Dei: falanki, filawud sabo da wanda aka taɓa aiki da shi, ƙusa, da ɗan fenti a gefe. Da amalanke na fara, ina tura wa masu shago kaya zuwa bakin titi. Yau ina da shago biyu da sito a baya. Babban abin da sana'ar nan ta koya mini shi ne kayan da ba ya motsi wuri yake ci. Na faɗi wannan tun farko saboda shi ya kai ni ga abin da na yi.

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya yi boko a gidanmu. Ya samu aiki a wata ma'aikatar tarayya, ya yi aure, ya kama ɗaki biyu a bayan Gwarinpa. Mutum ne mai shiru, ba ya shan komai, ba ya kallon ƙwallo. Abu ɗaya ya shiga ransa, wani lambu da ke gangaren unguwarsu kusa da rafi, inda ake kiɗa duk Asabar daga bayan la'asar zuwa magariba. Lambun na wani dattijo ne ɗan Gbagyi, ragowar gonar ubansa da gari bai cinye ba. Kowa Baba yake ce masa. Akwai mangwaro da kashu, da bencina, da ɗan dandamali na bulo. Masu kiɗan ba sanannu ba ne: mai jita, mai kalangu, da wata mata mai waƙa da Hausa da Gbagyi.

Ƙanena ba ya kiɗa, ba ya waƙa. Zama yake a benci na biyu da littafi a cinya yana zane. Lokaci-lokaci, ranar Lahadi sai ya zo wurina ya zaɓi filawud guda, ya kwashi ragowar fentin ruwa da ya kwana a gwangwani, ya tafi gida ya yi fasta, wato allon zane irin na talla. Babba, tsawon mutum da hannu a sama. Ya zana masu kiɗan, da bishiyoyin, da waɗanda suka zo kallo, ya rubuta ranar a ƙasa da manyan haruffa. Asabar ta gaba sai ya kai lambun ya rataye a jikin mangwaro. Ba wanda ya sa shi. Kuma ranar da ke jiki ta wasan da ya riga ya wuce ce.

Na taɓa ce masa, "Kai, wane irin talla ne wannan? An ci kasuwa an watse, sannan ka fito kana kiran mutane?"

Ya ce, "Yaya, ba talla ba ne. Na gode nake ce musu."

"To ka faɗa da baki mana, ya fi sauƙi."

"Baki ba shi da kala."

"Filawud ɗina kuma yana da ita."

Ya yi dariya ya ɗora allon a saman motarsa, ya ɗaure da igiyata, wadda ita ma ba ta dawo ba.

Ya gayyace ni lambun ya fi sau goma. Asabar kuwa ita ce ranar da magina ke zuwa sayen kayan mako. Sau ɗaya na je. Na tsaya a jikin mota, na ci masara gasasshiya, aka kira ni a waya kan wata tirela da ta lalace a hanya, na juya na tafi.

Lambun ba shi da rufi, don haka kowane allo mako ɗaya ko biyu yake yi a bishiya. Da farko gida yake mayar da su, har surukarsa ta zo ta zauna da su na ɗan lokaci, ta ce ita ba za ta yi salla a gidan da aka jera hotunan mutane ba. Bai yi musu da ita ba. Ya kwaso su ya kawo sitona, ya jingina su a bangon ƙarshe, fuska na kallon bango, ya sa kwali tsakanin kowanne da ɗan'uwansa. Cikin shekara uku suka kai ashirin da shida. Daga baya in ka kalle su, filawud ne kawai.

Wata Talata bayan azahar ya faɗi a ofis. Kafin in fita daga cunkoson Dei-Dei in isa asibiti, an riga an rufe masa fuska. Muka binne shi kafin magariba. Abin da na fi tunawa a maƙabarta shi ne itacen da aka jera a kan ramin malaina ne ɗanye, na tsaya ina tunanin bai kamata a sare shi yanzu ba. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, ina cewa amin. Na jira kuka ya zo, bai zo ba. Ina cin abinci, ina barci. Matarsa ta shiga takaba. Rana ta huɗu na buɗe shago.

Bayan kamar mako guda aka kira ni cewa kayana sun taso daga kudu, tirela guda, sito kuma a cike. A ranar ne wani kafinta da muka daɗe muna hulɗa ya shigo.

"Oga, akwai tsohon filawud? Dekin bene zan ɗaura a Lugbe a zuba kankare a kai, mai gidan ba ta son kashe kuɗin sabo."

Na kai shi bangon ƙarshe. Ya jawo allo ɗaya ya juya shi, ya ja da baya.

"A'a! Oga, wannan ai da mutane a jiki."

Na ce, "Katako ne. Duba kaurinsa."

Ya duba kaurin, ya ƙwanƙwasa, ya shafa fuskar da tafin hannu. "Santsi kuwa. Ko baƙin man da ke hana kankare mannewa ba sai na shafa ba."

Na san abin da maganar take nufi. Duk kafinta, gefen da ya fi santsi shi yake juyawa sama ya kalli kankare, don ƙasan dekin ya fito sumul. Ba zan ce ban gane ba, ba kuma zan ce na manta na waye ba ne. Na kalli allon, na ga matar nan mai waƙa da bakinta a buɗe da ganyen mangwaro a kanta, ban ji komai ba. Wuri na gani, taku takwas a taku shida, inda sabbin kaya za su zauna. Muka yi ciniki, aka loda su duka a akori-kura. Kwalayen ma na ba mai shara.

Kwana goma sha biyu bayan haka, ranar Litinin, Baba ya zo shago. Ban taɓa ganinsa a wajen lambunsa ba. Ya sa riga mai tsabta da hular sanyi duk da zafin da ake yi. Na ba shi kujera, na sa aka kawo ruwa. Ya yi mini gaisuwa da irin Hausarsa.

"Alhaji, ƙaninka mutum ce mai kirki. Shekara uku bencinsa bai taɓa zama babu kowa ba."

Na ce, "Allah ya ji ƙansa."

"Amin. Asabar ta sama za mu yi masa wasa. Ba na kuka ba, irin wanda yake so. Mai waƙar ta koma garinsu, amma ta ce za ta zo ranar. Allunan nan nasa, ka ba mu aro yini ɗaya, mu rataye shi duka a itace. Da magariba in dawo maka da kayanka."

Ban iya kewaye-kewaye ba, ko a ciniki. Na ce, "Baba, na sayar da su."

"Wa ya saya? Mai son zane?"

"Kafinta. Dekin zai yi da su."

Ya juya ya kalli cikin sito, inda sabon filawud ya taru har rufi. Ya daɗe yana kallo.

"Ka duba shi kafin ka sayar?"

"Na san abin da ke jiki."

Ya ce, "To." Ya shanye ruwansa, ya ajiye kofin a ƙarƙashin kujera.

Ba kunya na ji ba, ko da yake na san ita ta kamata. Abin da na ji shi ne an zo neman kaya a shagona na ce babu, alhali na san inda suke. Wannan ban saba da shi ba. Na ce masa ya ba ni zuwa gobe. Na ɗauki makullin mota.

Ginin yana can cikin Lugbe, bayan inda kwalta ta ƙare, bene mai hawa ɗaya da ba a kai ga sama ba. Tun daga ƙofa na ga an gama. Falon ƙasa cike yake da sandunan gora a tsaye, suna tokare da katako, katakon na tokare da allunan. Na ɗaga kai na ga bayansu, da alamar alli da nake sa wa kayana. A sama wani lebura yana zuba wa kankaren ruwa da bokiti, ruwan na ɗiga ta tsakanin allunan, wani ɗigon shuɗi, wani kore.

Kafintan ya ce kwana huɗu ke nan da zubawa. Injiniyan ginin ya ce kwana ashirin da ɗaya kafin a kwance, saboda falon yana da faɗi kuma babu ginshiƙi a tsakiya. Na lissafa. Asabar ɗin Baba za ta zo saura kwana biyar a kwance dekin.

Da na gaya masa dalilin zuwana, kafintan ya cire hula ya riƙe. Ya ce, "Oga, me ya sa ba ka faɗa ba? Wallahi da ban taɓa su ba." Ya leƙa ko akwai mai ji, ya rage murya. "In ka matsa, ranar Juma'a zan iya zare biyu ko uku daga gefe. Ba wanda zai sani."

Na kalli faɗin falon. Na sayar da katakon dekin da ban san adadinsu ba, na kuma ga abin da ke faruwa in an yi gaggawar kwancewa. Wata mata ce ke gina gidan da za ta zauna da 'ya'yanta a ƙarƙashin wannan kankaren. Na ce, "Kar ka taɓa ko ƙusa ɗaya. Ranar da za ka kwance, ka kira ni tun kafin ka ɗaga guduma."

Na kira Baba na gaya masa. Ya ce an riga an sanar da mutane, mai waƙar kuma ba za ta iya canza rana ba. Na tambayi matar marigayin ta bakin 'yar'uwarta ko akwai hotunan allunan a wayarsa. Akwai, mai yiwuwa, amma wayar a kulle take, ba wanda ya san lambar.

Ranar Asabar ɗin na rufe shago da azahar, abin da ban taɓa yi ba sai ranar salla. Mutane sun cika lambun. A jikin kowane mangwaro akwai ƙusa babba, daidai tsayin da ƙanena ke iya miƙa hannu, babu komai a kai. Irin ƙusar da nake sayarwa ce, inci huɗu. Baba ya nuna mini benci na biyu na zauna. Kafin a fara ya hau dandamali ya yi magana kaɗan a kan marigayin. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Baba, ina fastocin?"

Baba bai kalli inda nake ba. Ya ce, "Suna wurin aiki. Ba su samu zuwa ba."

Wasu suka yi dariya, ba su gane ba. Aka fara kiɗa. Mai kalangu ya matse, mai jita ya bi shi, matar ta ɗauki waƙa. Na gefena yana share ido da hularsa. Ni kuwa ina kallon dandamalin, ina ganin bulon gefen hagu ya zauna, yana bukatar a ɗaga shi kafin damina. Na zauna har aka kira magariba. Wannan ne karo na farko da na ji wasan daga farko zuwa ƙarshe, kuma ba zan iya cewa ga abin da ƙanena yake ji a ciki ba.

Ranar Alhamis da safe kafintan ya kira. Na biya ta Gwarinpa na ɗauki Baba.

Aka fara buge gorar ɗaya bayan ɗaya. Kafintan ya sa ƙarfe a bakin allon farko ya danna, allon ya yi ƙara ya saki, mutum biyu suka tare shi suka sauke. Fuskarsa toka-toka ce, ba komai sai ɓurɓushin siminti da ɗan kore a gefe. Na ce a raina shi ke nan. Sai na ga leburan da ya riƙe allon ba allon yake kallo ba, sama yake kallo.

Fentin ya koma jikin kankaren. Ba duka ba, amma mafi yawa. Mai kalangu yana nan a saman kanmu, da hannunsa na hagu a inda na dama yake. Aka ci gaba da kwancewa, falon yana ta cika. Kafintan ya yanke wasu allunan don su shiga lungu, ya jera su yadda suka zo masa, don haka rabin fuskar mai waƙar tana kusa da ƙafar mai jita, mangwaro ɗaya saiwarsa na kallon taga, rubutun duk ya juya baya. Kalar ta dushe kamar atamfar da ta sha wanki. Leburorin suka daina aiki. Baba ya jawo buhun siminti wanda babu komai a ciki, ya shimfiɗa, ya kwanta rigingine da rigarsa mai tsabta.

"Wannan ranar da ruwa ya kore mu ne," in ji shi, yana nuni da yatsa. "Ga lema. Wannan kuma ranar da igiyar jita ta tsinke. Alhaji, zo. Zo ka ga kanka."

A lungun da ke kusa da ƙofar kicin, can gefen wani allo, akwai mutum jingine da mota, masara a hannu ɗaya, waya a kunne, ya ba dandamali baya. Hular tawa ce. Har tumbin bai rage mini ba. Ban taɓa sanin ya zana ni ba, don ban taɓa juya allunan na duba ba. Na tsaya ina kallo har wuyana ya yi ciwo. Ciwon wuyan shi ne abin da na ji.

Kafintan ya tambaye ni ko ina son a mayar mini da allunan. Na ce ya riƙe kayansa, babu kowa a jiki.

Wajen sha ɗaya mai gidan ta iso daga ofis, wata Hajiya mai aiki a hukumar gwamnati, da katin aiki rataye a wuya. Ta shigo ta ɗaga kai ta tsaya cak.

"Innalillahi! Su wane ne waɗannan a falona?"

Na gaishe ta, na gaya mata komai yadda ya faru, ban rage laifina ba. Ta yi mini ta'aziyya da kyau. Sannan ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, amma a nan zan riƙa salla. Ba zan zauna da mutane a saman kaina ba. Dama mako mai zuwa za a yi filasta."

Na san yadda ake filastar ƙasan dekin. Sai birkila ya bi shi da guduma ya sassare fuskar kankaren tukuna, don siminti ya kama. Kwana biyu, ba abin da zai rage.

Na ce, "Hajiya, falo mai faɗin nan ba filasta yake so ba. Silin na POP za ki yi, a rataye shi ƙasa da dekin da taku ɗaya. Wayoyin wuta su bi ta ciki, ɗakin ya fi sanyi, ba kuma zai tsage miki ba bayan shekara biyu. Ba za ki ga kowa ba. Katakon da duk abin da aikin zai ci, daga shagona."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Alhaji, ciniki kake yi da ni ko roƙo?"

"Duka biyun, ranki ya daɗe. Amma maganar silin gaskiya ce. Tambayi injiniyanki."

Daga ƙasa Baba ya ce, "Hajiya, ba su da surutu. Shekara uku ina tare da su."

Ta yi dariya ba ta shirya ba, ta rufe baki da gefen mayafi. Ta ce za ta tambayi malaminta da injiniyanta, duk wanda ya ce a'a a cikinsu, magana ta ƙare. Bayan kwana uku ta kira ta ce in turo kaya.

Ranar da masu silin suka zo, na je da kaina. Aikinsu sai sun huda dekin sun kafa ƙarafan da za su riƙe katakon. Na ɗauki gora doguwa na tsaya a tsakiyar falon ina nuna musu inda za su huda: nan, tsakanin bishiya da bishiya, nan, a kan rubutu, ba nan ba, wannan ido ne. Babbansu ya gaji da ni.

"Oga, abin da za a rufe, wa zai gani?"

Na ce, "Ba kowa. Matsa hagu kaɗan."

Na ɗauki hotuna da waya kafin su rufe. Sun fito da duhu, ban sake buɗe su ba. Lungun kicin shi ne na ƙarshe. Na tsaya har suka ɗaga farin allon suka rufe mutumin da ke jingine da mota, suka shafe bakin da farar ƙasa.

Hajiya ta tare a gidan bara. Ta aiko mini cewa falon yana da sanyi kamar yadda na faɗa. Bulon dandamalin Baba na aika an gyara kafin ruwa ya sauka. Ya ce ƙusoshin suna nan a jikin mangwaro, bishiyar ta fara haɗiye su, ko in turo a cire. Na ce ya bar su.